Garwashin Ketil a Fadar Ƙanƙara

A zamanin da, can ƙurewar arewacin duniya inda rana ke rowar fuskarta wata da watanni, an yi wani sarki mai suna Ormar ɗan Gauti, jarumi ɗan jarumai, mai tsibiri bakwai da jiragen yaƙi masu kan maciji, wanda mutanensa ke rantsuwa da abin bautarsu mai tsawa da walƙiya. Wata shekara masassaƙansa suka sare itatuwan wani kurmi don gina jirage, ba su san ashe lambun Hirimgar ne, Sarkin Aljanun Ƙanƙara ba. Aljanin ya fusata, ya kama iskar kudu mai kawo ɗumi, ya ɗura ta cikin ƙaho ya toshe. Teku ta daskare ƙam, shekara uku ba shuka ba kamun kifi, har mutane suka koma tafasa fatun takalmansu. Sarki ya tura ɗansa Asmundu da barade arba'in su karɓo ƙahon daga fadar aljanin, shiru kake ji, wai an aiki bawa garinsu.

Sai wani matuƙin jirgi, Ketil ɗan Bardi, dogo kakkaura mai jan gemu har ƙirji, wanda yunwa ta ci masa uwa da ƙanwa, ya faɗi gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ke cikin ruwa ba ya tsoron jiƙewa. A ba ni izini in je."

Sarki ya dube shi da idanun da kuka ya ƙafe a cikinsu, ya ce, "Je ka, ɗan Bardi. Ba ni da guzurin da zan ba ka."

Kwana goma sha tara yana tafiya bisa daskararriyar teku, dusar ƙanƙara na yankar fuskarsa, har ya isa gindin wata bishiya gabjejiya wadda rassanta suka tokare sama. A nan ya tarar da wata tsohuwar aljana tana kaɗa zare a gaban murhu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗa mata abin da ke tafe da shi.

Ta ce, "Jikana, Hirimgar ba ya sauraron kowa sai wanda ya kawo masa wuta a tafin hannu, daga bakin ƙofa har gaban karaga, taku dubu. In ta mutu, ko ka yar, ka zama ƙanƙara. Waɗanda suka riga ka takubba suka kai masa." Ta zuba masa garwashi guda a kasko, ta nuna masa hanya da sandar kaɗinta.

Fadar kuwa fara fat, doguwa zanƙaleliya, bangonta ƙanƙara, rufinta ƙanƙara, ga aljanu ƙatti-ƙatti jere dama da hagu, numfashinsu na tashi kamar hayaƙi. A bakin ƙofa Ketil ya ajiye kasko, ya juye garwashin a tafin hannunsa na dama, ya ciji leɓe, ya taka. A taku ɗari ya ji ƙaurin namansa. A taku ɗari huɗu ya lura ginshiƙan da yake wucewa mutane ne a sandare, idanunsu kaɗai ke motsi, suna binsa da kallo. Daga cikin ɗaya wata murya siririya ta ce, "Ketil, ni ne Asmundu. Ka taɓa ni da wutar nan ko sau ɗaya."

Ketil ya dubi wutar da ke tafinsa. Ya san in garwashin ya taɓa ƙanƙara ya mutu, su duka sun hallaka. Ya ce, "Yi haƙuri, Yarima," ya wuce, bai waiwaya ba.

Saura taku ɗari toka ta rufe garwashin, jan da ke cikinsa bai fi ƙwayar gero ba, sanyi kuma ya fara kama masa gwiwoyi. Babu kara, babu tsinke. Ya zaro wuƙa da hagu, ya yanke gemunsa, abin da namiji a ƙasarsu ya gwammace a fille masa kai da a taɓa, ya ɗora kan garwashin yana hurawa a hankali. Wuta ta kama bal a hannunsa, ya ƙarasa da ita a haka, hawaye na daskarewa a kumatunsa.

Hirimgar, mai farin gashi da idanu shuɗɗa, ya sunkuyo daga karagarsa ya ce, "Ɗan Adam, ka cika sharaɗi, kuma maganata ba ta tashi. Amma abu ɗaya ake roƙona. Ko ƙahon iska, ko mutanenka. Zaɓi."

Ketil yana jin idanun mutum arba'in da ɗaya a bayansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙahon nake roƙo."

Aka miƙo masa. Bai ko juya ba ya sa haƙori ya cire murfin a nan tsakiyar fada. Iskar kudu ta fito da ƙugi, mai ɗumi mai ƙamshin ciyawa, ta bi ginshiƙai tana narkar da su, barade suka zube suna tari. Rufi ya fara tsagewa, aljanu suka zaburo da gatura, amma Hirimgar ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ƙyale su. Abu ɗaya ya roƙa, abu ɗaya na ba shi."

Suka fita a guje, Ketil na riƙe da Asmundu, dare da rana teku na farfashewa a bayan dugadugansu, har suka taka ƙasar tsibirinsu ruwa na lasar sawunsu.

Sarki Ormar ya rungume ɗansa, sa'an nan ya kama hannun Ketil, wanda ya ƙanƙance ya naɗe, ba zai sake riƙe akalar jirgi ba har abada, ya ɗaga shi gaban jama'a. Ya aura masa 'yarsa Gimbiya Ranbega, ya naɗa shi Sarkin Ruwa na tsibiran bakwai. A shekarar sha'ir ya yi kyau har rumbuna suka kasa ɗauka, kuma an ce Ketil bai taɓa zama cin abinci ba sai ya aika an duba ko akwai mai jin yunwa a ƙofarsa. Allah Ya raba mu da wahalar da ta fi ƙarfinmu, Ya ba mu haƙurin wadda ba makawa.