Bushiya da Shawarar Ungulu a Bakin Kwalta

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, mu auna.

Bushiya ce za ta tsallaka kwalta da 'ya'yanta uku zuwa gonar gyaɗa. Sai ga Ungulu a bakin titi, ta yi ƙiba ɓul-ɓul.

Ungulu ta ce, "Ƙawata, kar ki wahalar da yara. In mota ta taho, su ƙudundune kamar yadda kakanninku suka saba. Ko kare bai iya da ƙayarku."

Bushiya ta dubi tumbin Ungulu, ta ce, "Yaya, su wa kika ba shawarar nan kafin mu?"

"Dangin mijinki, makon jiya."

"Ina suke?"

Ungulu ta goge baki, ta ce, "Ba su dai kawo ƙara ba."

Bushiya ta ce wa 'ya'yanta, "Mota ba kare ba ce, taya ba ta jin ƙaya. Ku tsaya, ku dubi hagu, ku dubi dama, ku sake duban hagu. In ba komai, mu wuce tare, ba gudu, ba ƙudundunewa."

Suka bari tirela ta wuce, suka haye lafiya.

An ce a daminar nan Ungulu ta ɗan rame.

Ƙurunƙus kan kusu. Mai musu ya je ya tambaye ta.