Tiyon da Hajiya Kulu Ta Nuna

Akwai wani bakanike a Sharaɗa mai suna Isyaku. Ya iya aiki, wannan ba a ja. Amma tun da ya sayi na'urar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, kansa ya kumbura, ba ya jin maganar kowa.

Wata Laraba Hajiya Kulu ta kawo masa tsohuwar motarta a canza gaskit. Da motar take kai wa ma'aikatan wata masana'anta a Challawa abincin rana. Ya gama, ya tayar, sai injin ya hau ihu kamar an danne totur, alhali ba wanda ya taɓa shi. Silo, wato gudun injin a tsaye, ya ƙi sauka.

Hajiya ta leƙa cikin bonet, ta nuna wani siririn tiyo na iska.

"Ɗan nan, wannan ba nan yake ba."

Isyaku ya yi dariya. "Hajiya, ki bar mana inji, mu bar miki tukunya."

Ta tari adaidaita ta tafi.

Kwana uku yana fama. Ya canza filogi, ya wanke maƙogwaron injin, ya jona na'urarsa har ya gaji. Mota na nan tana ihu, mai na ƙonewa. A can Challawa kuwa an gaya wa Hajiya in abinci bai iso kan lokaci ranar Litinin ba, za a ba wata gurbinta.

Ranar Asabar ta dawo. Isyaku ya ce, "Sai dai a sauke injin gaba ɗaya. Sati biyu."

"Sati biyu ba ni da shi. Ka yi mini alfarma ɗaya, ka kama tiyon nan da na nuna maka."

Don dai ya rabu da ita ya kama. Sai ta juya wa motar baya, ta soma faɗa.

"Bi shi da hannu. Zai wuce ƙarƙashin jan waya, ya lanƙwasa hagu. Akwai bakuna biyu a jere, ko? Na ƙasa ne nasa. Na sama na ɗan'uwansa ne, mai ɗan tsagu a wuya."

Isyaku ya bi da yatsa. Ga jan waya. Ga lanƙwasa. Ga bakuna biyu, ga tsagun. Shi da hannunsa ya musanya tiyon nan biyu wajen canza gaskit, shi ya sa injin yake ta zuƙar iskar da ba tasa ba.

Ya mayar da kowanne gidansa, ya murza makulli. Motar ta tashi, ta lafa, tana numfashi a hankali har ana jin kiran sallar la'asar daga nesa.

"Hajiya, don Allah a ina kuka koyi gyaran mota?"

"Ban koya ba. Shekara goma sha tara na yi a masaƙa a Bompai. Zare ɗari huɗu nake zurawa, ɗaya ya ɓata hanya, yadi ya lalace. Motar nan kuma kullum da safe sai na buɗe ta na zuba ruwa. Abin da idona ya saba gani, in ya gusa sai na sani."

Wallahi kunya ta kama Isyaku, amma mamaki ya fi kunyar yawa. Ya ture na'urar gefe, ya durƙusa a cikin baƙin mai ya ba ta haƙuri.

Ranar Litinin abinci ya isa Challawa da zafinsa. Hajiya ta aiko wa Isyaku da kula guda, da saƙo a bakin mai kawowa: "In ji Hajiya, ga abin tukunyar."

Darasi: Kada ka raina maganar mutum don ba sana'arsa ba ce, ba ka san abin da idonsa ya shekara yana gani ba. Saurare na minti ɗaya da ya hutar da Isyaku wahalar kwana uku. Ku tura wa masu sana'ar da kuka sani, wataƙila wani ya tsaya ya ji.