Tsohon Ciyaman da Ya Ce Amin

An yi wani mutum a ƙasar nan tamu ta masara da dawa, tsakanin Funtua da Malumfashi. Ba zan kira sunansa ba, ba zan kira garinsa ba. Ɗan manomi ne, da fartanya a hannu ya tashi, har Allah ya ɗaga shi ya zama ciyaman na ƙaramar hukuma.

Ya yi ayyukan kirki, kada mu rage masa. Ya haƙa rijiyoyin burtsatse, ya gyara wata kwalbati da ta daɗe tana raba ƙauyuka da kasuwa duk damina. Mutane suna alfahari da shi. Idan motarsa ta wuce sai ka ji ana cewa, ga ɗanmu nan.

Sai wata shekara aka aiko da takin zamani a raba wa manoma da rangwame. Mutumin nan ya sa aka kwance buhunan a wani sito nasa, aka ɗebe rabin takin, aka cike gurbin da farin yashi da ƙananan tsakuwa, aka sake ɗinkewa. Mai kyan ya bi manyan motoci ya tafi inda ya tafi. Gaurayen kuma aka raba wa talakawa, har da kiɗa da jawabi.

Ya 'yan uwa, yawancinku manoma ne, ba sai na koya muku ba. Taki na gaskiya idan ruwa ya sauka narkewa yake, bayan 'yan kwanaki masara ta yi kore shar. Wannan kuwa ruwa ya sauka, ya sake sauka, yashi yana nan kwance a gindin masara. Ganye ya yi rawaya, goyo bai kai ya kawo ba. Gidaje da yawa a shekarar rumbunsu bai ga ƙarshen rani ba.

Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, don mutumin yana kan kujera.

Amma kujera ba ta kowa ba ce. Wa'adinsa ya ƙare, jam'iyyarsa ta faɗi zaɓe, hukumar bincike ta gurfanar da shi a kotu kan maganar takin. Aka ba da belinsa, ya dawo gida yana jiran shari'a.

Nan fa muhawara ta tashi. A teburin mai shayi ita ake yi. A cikin motar haya daga Ƙarfi har tashar Funtua ita ake yi, direba ma da bakinsa a ciki. 'Yan acaɓa masu shiga Maska sun rabu gida biyu. Wasu suna cewa bi-ta-da-ƙulli ne kawai, da jam'iyyarsa ce ta ci da babu mai taɓa shi. Wasu suna cewa ko wa ya kai ƙarar, ai yashin ba ɗan adawa ne ya zuba shi ba.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen kare shi wani manomi ne mai suna Ummaru. Yana da dalilinsa. Lokacin da mahaifinsa ya faɗi a gona, ciyaman ɗin ne ya tsaya a hanya ya ɗauki tsohon a motarsa zuwa asibiti, kuma Ummaru ba mai manta alheri ba ne. Duk majalisar da ya zauna tambaya ɗaya yake jefawa: me ya sa shi kaɗai? Ina waɗanda suka ci abin da ya ninka nasa, suna nan suna yawo da manyan riguna? Kuma wallahi tambayar tana da nauyi, ni ma ban taɓa jin wanda ya amsa ta ba. Sai dai ku riƙe wannan: Ummaru bai taɓa cewa takin mai kyau ne ba.

To kun san halinmu, kuma ina alfahari da shi. A ƙasar nan idan musiba ta sami mutum, ko gobara ce, ko sata, ko shari'a, ba a barinsa shi kaɗai a zaure. Ana zuwa jaje. Wanda ke ƙaunarsa zai je, wanda ya ɓata wa ma zai je, don an yi zaman tare kuma an san iyayensa. Haka aka yi wa mutumin nan. Zaurensa ya cika, takalma har bakin titi. Mata kuma suna shiga ciki wajen iyalinsa.

Duk wanda ya zo zai durƙusa ya gaisa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ya muka ji da wannan abu? Allah ya bayyana gaskiya."

Shi kuma sai ya ɗaga hannu sama, ya ce, "Amin, amin."

Daga safe zuwa la'asar amin yake amsawa, da ƙarfi, don na waje su ji. Yana kallon takalman nan yana ganin sojojinsa ne. Bai taɓa tsayawa ya saurari abin da ake roƙa ba. Ko mutum ɗaya bai ce masa Allah ya kuɓutar da kai ba, kuma bai lura ba.

Yana da baffa, ƙanin mahaifinsa, Malam Maitama, dattijo ne da ba ya son hayaniya. Ya jira mutane suka ragu, ya kira shi gefe. Ya ce masa ya ji labarin masu ƙara sun yarda a sasanta idan ya amsa laifi ya mayar da abin da ya ɗauka, to ya karɓa. Ya tashi a masallaci bayan sallar Juma'a ya nemi gafarar manoma, ya sayi taki na gaskiya ya raba kafin damina ta zauna. Ya ce mutanen nan masu yafiya ne, ya san su, tare suka tsufa.

Mutumin ya yi dariya. Ya nuna ƙofar zaure, ya ce, "Baffa, ba ka ga jama'a ba? Gari na bayana."

Malam Maitama ya ce, "Ɗana, jaje suka zo yi maka."

Bai ji ba. Girman kai ya toshe masa kunne. Wace kunya ce ta fi, ya 'yan uwa, mutum ya sunkuyar da kai a gaban 'yan uwansa a masallaci, ko a sunkuyar masa da shi a gaban duniya? Shi dai ya ga ta farkon ta fi ƙarfinsa. Ya ƙi sulhu. Ya ce wa lauyansa a kira manoman da kansu su zo su wanke shi, kuma a fara da Ummaru.

Ranar zaman kotu aka cika maƙil. Ummaru ya zo da rigarsa ta zuwa Juma'a. Aka tambaye shi ko yana da alwala, ya ce yana da ita. Aka miƙa masa Alƙur'ani ya rantse zai faɗi gaskiya.

Lauyan mutumin ya tambaye shi halin ciyaman. Ummaru ya faɗi maganar rijiyoyi, ya faɗi ta kwalbati, ya faɗi ta mahaifinsa. Mutumin yana zaune yana murmushi yana gyara hula.

Sai lauyan masu ƙara ya miƙe ya yi tambaya ɗaya: takin da aka ba ka a waccan shekarar, da ruwa ya sauka, ya narke?

Ummaru ya juya. Ya dubi mutumin da ya ceci mahaifinsa, ya dubi hannunsa da ya gama dafa Littafin Allah. Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Bai narke ba. Yashi ne. Da hannuna na kwashe shi daga gindin masarata."

Aka kira na biyu, ya faɗi haka. Na uku ma haka. Duk shaidun da mutumin ya zaɓa da kansa, waɗanda suka zauna a kan tabarmarsa suka sha ruwan gidansa, babu wanda ya ƙara masa laifin da bai yi ba, babu kuma wanda ya ɓoye wanda ya yi. Lauyansa ya roƙi a dakata da kiran sauran.

Alƙali ya same shi da laifi. Aka yanke masa ɗauri, aka ƙwace siton da gidan da ya gina bayan waccan damina. Sunan da ake kira da alfahari ya koma abin da iyaye ke tsoratar da 'ya'yansu da shi idan an ba su amana.

Ana fita da shi zuwa motar gidan yari ya hango baffansa da Ummaru a tsaye. Ya tsaya, ya ce sun ci amanarsa. Ba su ne suka cika masa zaure ba? Ba su ne suka yi ta yi masa addu'a ba?

Malam Maitama ya ce, "Mun yi. Me muka roƙa?"

Sai dattijon ya ba da amsar da kansa.

"Cewa muka yi Allah ya bayyana gaskiya. Kai kuma ka ce amin."

Ya 'yan uwa, ina so ku san irin mutanen da kuka fito daga cikinsu. Da damina ta zo, waɗannan manoman ne suka yi gayya suka nome gonar mahaifiyar tsohon ciyaman ɗin, Ummaru ne a kunyar farko. Ba su wulaƙanta iyalinsa ba, ba su yi masa dariya ba. Sun ba zumunci haƙƙinsa, sun ba shaida haƙƙinta, ba su biya ɗaya da ɗaya ba. Allah ya umarce mu mu tsaya da gaskiya ko da a kan kanmu ne ko danginmu, kuma na ga manoman ƙasar nan sun yi. Ina ɗaga kai da su a ko'ina.

Darasin a fili yake. Wanda aka ba amanar jama'a ya zuba mata yashi, yashin yana nan yana jiransa, ruwa ba ya narkar da shi. Cewa wasu sun fi ka ci ba ya wanke ka, kowa da ranarsa. Kuma idan ka ga zaurenka ya cika, kada ka ƙirga takalma, ka saurari abin da masu takalman suke faɗa. An buɗe wa mutumin nan ƙofar tuba, dattijo ya riƙe masa ita, shi ya rufe da hannunsa.

Yanzu zan yi addu'a irin wadda aka yi masa. Kowa ya duba buhun da ya ɗinke kafin ya amsa. Allah ya bayyana gaskiya. Allah ya ba mu ikon tuba tun kafin ta bayyana a kanmu. Allah ya kiyaye mu.