Haruffa a Fadamar Tungar Marke

Jama'a, ku gyara zama, ku ba ni hankalinku. Tun da aka fara maganar gyaran makarantun gwamnati a shekara mai zuwa wannan labari yake hana ni sukuni, domin ƙarshensa hukunci ne, ni kuwa na kasa yankewa. Ina roƙonku kada ku yi gaggawa.

A wata jiha hukuma ta yi shela cewa baɗi za a sabunta makarantu kaf, a gina ajujuwa, a kawo malamai da littattafai. Amma kafin nan wakilai za su zaga gari-gari ba tare da sanar da rana ba. Duk makarantar da suka tarar babu yara a ciki, ko yaran ba su iya komai ba, za a rufe ta, a haɗe ta da ta gari mafi kusa.

Tungar Marke ƙauyen manoman shinkafa ne a bakin wani babban kogi. Gari mafi kusa da su yana ƙetare, kuma babu uwar da za ta yarda ɗanta ya hau ruwa safe da yamma. Rufe makarantarsu ke nan rufe karatu ne gaba ɗaya. Ga shi malaminsu ya tsufa ya koma garinsu, ba a aiko wani ba. Ga shi kuma zagayen ya faɗo daidai lokacin da shinkafa take nuna, lokacin da al'adar garin ta ɗora wa yara korar tsuntsayen jan-baki. Tun hudowar rana kowane yaro yana kan rumfar gadi a gonar ubansa, yana ihu yana kaɗa gwangwani, har magariba.

A garin akwai 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Nomau babbansu, manomi, Tabawa mai bi masa, mai turara shinkafa tana sayarwa, da autansu Shekarau, mai fiton mutane da kwalekwale.

Tabawa sai da ta yi jika sannan ta koyi karatu a ajin manya, shi ya sa take ganin girman harafi fiye da wanda ya tashi da shi. Ta kife tukwanenta ta shiga fadama, taɓo har gwiwa, tana bi rumfa-rumfa. Takan tsaya ta zana harafi da tsinke a kan ɗanyar laka, ta ce wa yaro, "Tun da ihu za ka yi, yi wanda zai amfane ka." Ta ɗaga murya, ya amsa. Ba a jima ba wannan rumfa ta ce "ba", waccan ta amsa da "bi", har fadamar ta ɗauka daga wannan kai zuwa wancan. Tsuntsu ya tashi kamar yadda ya saba tashi, dattawa masu wucewa suka riƙa tsayawa da hannu a baki suna tasbihi. Daga haruffa aka kai ga kalmomi. Amma ita Tabawa, da take gaba da kowa a ihun, maƙogwaronta ya karye. Har yau ba ta magana sai da raɗa.

Nomau ya lura cewa wakilai aji za su duba, ba fadama ba. Ya je gaban dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, a kira gayya. Manya su hau rumfuna, yara su koma aji." Fada ta fashe da dariya, wani ya ce, "Haba Nomau, da gemunka za ka kaɗa gwangwani?" Ba a taɓa kiran gayya don korar tsuntsu ba, aikin yara ne, abin kunya ga magidanci. Nomau ya tashi ya fita. Da safe aka gan shi a kan rumfar wata mai takaba, 'ya'yanta suna aji. Kunya ta juya, maza da mata suka bi sahu. Sai dai manya ba su kai yawan gonaki ba, dole a bar guda babu mai gadi. Nomau ya ce a bar tasa. Wata rana da hantsi jan-baki ya taso kamar hadari har ya rufe rana, ya kewaya, ya sauka a gonarsa. Yana kallo daga rumfar mai takabar, bai sauko ba. Kafin azahar ba abin da ya rage masa sai kara.

Ranar da wakilai suka iso ƙetare, kogi ya cika ya batse, an ɗaure jiragen inji duka. Shugabarsu, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce, "Abin da ba mu gani ba, ba za mu shaida ba," ta juya wajen mota. Shekarau ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ki ba ni amanar ranki zuwa waccan gaɓa." Ta ce, "Ɗan nan, ba ka da iyali ne?" Ya ce, "Ina da su, suna cikin ajin da za ki rufe." Ta dube shi, ta dubi ruwan, ta cire takalmanta ta shiga. Suna dab da isa sai ga gungumen icce ya taho da ƙarfin ruwa. Shekarau ya karkata kwalekwalen don dukan ya sauka ta wajensa, ya faɗa ruwa yana turawa da ƙirji har ƙafar Hajiya ta taɓa yashi. Kwalekwalen, gadon ubansu, ya dare biyu. Kafaɗarsa kuwa ba ta sake riƙe filafilin tuƙi ba.

Hajiya ta shiga aji da jiƙaƙƙen mayafi, ta tarar da shi cike. Ta yi rubutu a allo, yaran suka karanta da muryar korar tsuntsu, har kwanon rufi ya amsa. Ta tambayi wanda ya koya musu. Da aka ba ta labari, ta cire tabarau ta goge ido, ta ce makaranta ta zauna, kuma za a gina sabuwa. Ta ƙara da cewa a ƙofarta za a rubuta sunan mutum ɗaya, dagaci ya zaɓa.

Dagaci ya tara su. Shekarau ya ce, "Ranka ya daɗe, a sa Yaya Nomau, ko don tsuntsaye su san inda za su kai godiya." Nomau ya ce, "Rufe mini baki, auta. Na Tabawa ne." Tabawa ta motsa leɓe, aka yi tsit don a ji ta, ta ce, "Ni ban shiga kogi ba."

To, jama'a, da Tabawa ba ta koyar ba, da an tarar da aji cike da yaran da ba su iya komai ba. Da Nomau bai bar gonarsa ba, da an tarar da aji babu kowa. Da Shekarau bai ƙetare ba, da babu wanda ya zo ya gani. Murya ta tafi, abincin shekara ya tafi, sana'a ta tafi, ƙofa kuwa suna ɗaya take jira. In ku ne dagaci, sunan wa za ku ce a rubuta?