Sammacin da Zalɓe Ya Kai wa Gaiwa da Rani

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo ya tabbata ga Wanda ba a zaluntar kowa a wurinsa.

An yi wata Gaiwa mai haƙuri, da ta gaji wani tafki daga iyayenta. Maƙwabcinta Zalɓe kuwa makwaɗaici ne. Kun dai sani, yarana, idan rani ya yi ruwa ya ƙafe, Gaiwa takan shige cikin taɓo ta yi barci har damina.

Sai da ƙasa ta tsattsage, sannan Zalɓe ya kai ƙara gaban alƙali Gauraka, wai tafkin na kakansa ne.

Alƙali ya ce, "Ka kai mata sammaci?"

"Allah ya gafarta Malam, har ƙofar gida. Na yi sallama, ta yi banza da ni."

Aka yi zama, Gaiwa ba ta zo ba. Aka yanke hukunci a bayan idonta, aka ba Zalɓe tafki.

Da ruwan farko ya sauka, Gaiwa ta fito za ta gyara wurin ƙwai. Zalɓe ya ce, "Baba, tattara ki yi gaba! Shari'a ta ba ni."

"Wace shari'a, mai dogon wuya? Ta mafarki?"

Ta garzaya kotu ta ce, "Malam, ba raini ya hana ni zuwa ba. Ban ji kira ba. Ina roƙon a warware hukuncin, a saurare ni."

Gauraka ya dubi Zalɓe. "Da ta yi shiru, me ya hana ka ɗaga murya?"

Zalɓe ya yi dariya. "Haba Malam! Ko ganga aka buga, wa ya taɓa ganin Gaiwa ta ji da rani?"

"Ashe ka sani!" in ji alƙali. "Malamai sun ce *alga'ibu ala hujjatihi*, wato wanda ba ya nan, hujjarsa tana nan tana jiransa. Na warware. Kawo shaidunka."

Zalɓe ya waiga, bai ga kowa ba. Kwaɗi kuwa suka cika kotu, suka shaida cewa tafkin na Gaiwa ne. Alƙali ya mayar mata da shi. Ta koma tafkinta ta yi ƙwai lafiya. Shi ya sa har yau za ku ga Zalɓe tsaye a bakin ruwa da ƙafa ɗaya, yana jiran shaidu.

Darasin wannan labari shi ne, shirun wanda bai ji kira ba, ba yarda ba ce, kuma alƙalin kirki ba ya jin kunyar gyara hukuncinsa. Allah ya yi albarka ga wanda ya rubuta da wanda ya karanta, amin.