Garin da Ba a Ƙirga 'Ya'ya

To, ku matso ku gyara zama, ga ta nan ta iso gare ku, kuma yau ba mai tashi sai ya faɗi inda ya tsaya.

A can bayan gulbi akwai wani ɗan ƙauye, Tungar Marke, inda mota ba ta shiga da zarar damina ta yi nisa. Makarantarsu rumfar zana ce, malami ɗaya, allo ɗaya. A garin akwai 'yan'uwa uku ciki ɗaya: Kande mai daddawa ce babba, sai Barau makaɗi, sai autansu Nomau mai amalanken shanu. Kande ko bihim ba ta sani ba, amma ba wanda ya kai ta son makarantar nan, don 'yarta Lantana ta fara haɗa baƙi, har rubutun jikin buhun taki take karanta wa tsofaffi suna tafa hannu.

Sai dai mutanen garin suna da wata al'ada tun kaka da kakanni: ba a ƙirga 'ya'ya, wai kada baki ya kama su. Ran nan, ana tsakiyar noman farko, sai ga sufeton makarantu. Ya leƙa rumfa ya tarar da yara ba su cika tabarma ba, sauran duk suna gona. Ya bi gida-gida yana tambayar yawan yara. Mai unguwa, wanda gidansa kamar kasuwa, ya ce, "'Yan kaɗan ne, ranka ya daɗe." Ita kanta Kande da aka zo kanta ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba." Kun ji wauta! Sufeto ya tafi, su kuwa suna ta murna sun yi wa yara tsari.

Ranar kasuwa Kande ta kai daddawa cikin gari. Direban sufeto ya zo saye, yana ciniki yana surutu, har ya ce mata gobe za su je wani ƙauye bayan gulbi su ɗauko malami da allonsa, tunda garin ba yara. Nan take Kande ta gane garinsu ake nufi. In aka ɗauke malam, sai makarantar ƙetaren gulbi, wa zai bar ɗansa ya ratsa ruwa kullum? Karatun Lantana ya ƙare ke nan. Ta bar kwandon daddawa a buɗe, ta bi direba har ofishin sufeto. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi ma'aikaci ba, ita ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi gusawa.

"Ranka ya daɗe, ƙarya muka yi maka. Wallahi garinmu yara kamar tururuwa!"

"Baiwar Allah, ai da bakinki kika ce ba ku da su."

"Da bakin nan dai na dawo. Ka zo ka gani."

Ta yi magiya, ta yi rantsuwa, har dariya ta kama sufeto. Ya ce to, gani ya kori ji. Gobe in ya ga yara da idonsa kafin azahar zai bar malam, in ba haka ba ya tafi da shi.

Kande ta koma gida tana gudu tana haki, amma fa maganarta ba ta shiga kunnen kowa ba. Wa zai saki yaro daga gona ciyawa na cin gero, don kawai baƙo ya zo ya nuna shi da yatsa? Barau ya ce, "Yaya, bar ni da su." Gari na wayewa ya rataya ganga ya saki kiɗan gayya, wanda ba namijin da zai ji ya zauna. Ya wasa wannan, ya zuga wancan, ya kira kakan kowa da kirarinsa, har tsoho mai ciwon baya ya saɓa fartanya. Maza suka auka wa gonaki ɗaya bayan ɗaya, aikin yara ya zama ba shi da wuri. Sannan ya juya kiɗa ya zaga tunga-tunga har rugagen Fulani, yana yi wa iyaye mata alkawarin gani kawai za a yi, ba ƙirge ba. Yara suka biyo shi zugui-zugui suna tsalle. Rumfa ta cika ta batse, wasu har kan reshen marke. Hannun Barau ya fashe yana jini, bai ajiye makaɗi ba.

Yara sun taru, rana tana ta hawa, sufeto shiru. Ashe ruwan da aka yi a gabas ya sa gulbi ya kawo. Motar ta kafe a laka tun kafin mashigi, sufeto ya ce shi kam ya cika alkawari, Allah ne bai nufa ba, a nemo masu turi ya koma. Nomau, da Kande ta tura ya duba hanya, ya hango su daga ƙetare. Shanun nan biyu su ne duk abin da ya mallaka a duniya, kuma ya san gulbin ya sha cin dabba. Bai tsaya shawara ba, ya kora su cikin ruwa. Ya ɗora sufeto a amalanke, shi yana gaba riƙe da igiya, ruwa har ƙirji, yana lallashin shanu da sunayensu. A tsakiya sa ɗaya ya zame ya karye, Nomau ya sa kafaɗarsa a madadinsa har suka fita. Ladan na gyaran murya zai kira azahar suka iso.

Sufeto ya ga yara ya riƙe baki. Ya ɗaga yatsa zai fara ƙirge, mata suka ɗauki salati gaba ɗaya. Sai ya sauke hannu, ya juya ga takalman da aka tara a bakin rumfa ya ƙirga su, ya tarar su kaɗai sun isa aji biyu, alhali rabin yaran ƙafa a ƙasa suka zo. Nan take ya ce malam ya zauna, kuma za a gina aji na bulo. Guɗa ta tashi, Kande ta rungume Lantana tana kuka tana dariya.

Da kaka ta yi aka gama gini, aka shafe bango da farar ƙasa. Mai unguwa ya ce za a rubuta sunan wanda ya ceci makarantar, suna ɗaya tak. Nan fa zumunci ya ji jiki. Kande ta ce ba don ta ji ta tsaya ba, da an kwashe malam ba wanda ya sani. Barau ya ce ba don gangarsa ba, da sufeto ya tarar da rumfa wayam. Nomau ya ce ba don shanunsa ba, da yaran sun yi ta zama har magariba ba mai ganinsu. Har yau bangon nan fari fat yake, yaran da suka iya rubutu suna wucewa ta gabansa safe da rana.

To, ku da kuka ji, sunan wa za a rubuta: Kande, ko Barau, ko Nomau?