Mutumin da Ya Musanya Kazar Ɗori

An yi wani mutum a nan Katsina, a shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa ya wayi gari ɗan kwangila. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana da 'ya'ya da jikoki a garin nan, kuma ba su yi wa kowa laifi ba. Mu ce masa Alhaji, don haka ake ce masa.

Haifaffen Ƙofar Marusa ne. Ya samu aikin gina ajujuwa da kwalbatoci, ya sayi mota, ya je Makka, ya koma GRA da zama. Amma kullum bayan la'asar sai ya dawo unguwa, ya zauna a majalisar da ya tashi a cikinta, a gindin wata bedi. A GRA ba mai kallonsa. A Ƙofar Marusa kuwa ana kallonsa.

Ba ya shan giya. Ba ya neman mata. A sahun gaba yake sallah. Ciwonsa ɗaya ne: ba ya iya jure a yi masa dariya.

Mutanen majalisar suna da wani wasa da suke kira zaɓe. In lokacin gasar ƙwallon unguwanni ya zo, sai a kakkarya tsinken tsintsiya, kowa ya ja. Mai dogon tsinke shi ke farawa. Bi da bi, kowa ya zaɓi 'yan wasa biyar daga duk ƙungiyar da ya ga dama. Ba su ke horar da yaran ba, ko lemo ba sa saya musu, yawancin yaran ma ba su san an zaɓe su ba. Kowane mutum yana da gwangwanin madara a teburin mai shayi. In ɗan wasanka ya ci ƙwallo, a jefa maka tsakuwa ɗaya. Ranar da aka gama gasa a zazzage. Wanda ya fi tsakuwa, sunansa Mai Ido har shekara ta zagayo. Wanda ya zo ƙarshe kuwa, shi zai riƙe buta da tasa ranar walima, ya bi kowa a tsugune yana zuba masa ruwan wanke hannu.

Ya 'yan uwa, ku riƙe wannan. Buta ce. Duk abin da zan faɗa muku, saboda buta aka yi shi.

A wannan shekara Alhaji ne ya ja dogon tsinke. Bai tsaya tunani ba, ya ce Talle.

Talle ɗan yayansa ne. Uban ya rasu yaron yana goye, kuma a hannun Alhaji ya bar shi. A faɗi gaskiya, ya riƙe shi da kyau. Ya sa shi makaranta har ya gama horon malanta, yana jiran a ba shi aji. Shi ne mai lamba tara na Taurarin Marusa, kuma a gasar bara ba wanda ya kai shi cin ƙwallo.

Alhaji ya ɗaga gwangwaninsa ya ce, "Wannan ya yi mani kaɗan. A samo bokiti."

Mati tela, abokinsa tun suna yara, ya ce, "Ka ce in Allah ya so, Alhaji."

Alhaji ya yi dariya. Bai ce ba.

Aka fara gasa. Bala, wanda Alhaji ya zaɓa na biyu, ya ji ana ɗaukar masu sauke siminti a Ikko, ya hau mota ko sallama babu. Ado ya samu ƙarin albashi, ya yi aure, ya ajiye tumbi, ƙwallo na wuce shi yana haki. Amiru ya yi faɗa da mai horar da su, ya ƙare gasar a kan benci. Na biyar ɗin ya ci ƙwallo ɗaya, amma a ragar ƙungiyarsa, har majalisa ta yini tana gardama ko a cire wa Alhaji tsakuwa. Talle kuwa kowace ƙungiya ta san shi yanzu, mutum biyu ake sa masa. Ya ci kaɗan, ba kamar yadda aka zata ba. Sannan wani mai tsaron baya ya same shi a ƙwauri, ƙashi ya tsage.

Mati ya sayo sabuwar buta ya rataye a reshen bedi. Kullum Alhaji ya zauna, sai Mati ya ɗauko gwangwanin Alhaji ya kaɗa a kunne.

"Ku yi shiru mu ji. Alhaji, halan auduga ka sa a ciki?"

A yi dariya.

"In ka zo kaina, a hankali. Ban son ruwan sanyi. Ka sa kukunka ya ɗumama tun daga GRA."

Wasa ne irin na abokai. Alhaji ne na ƙarshe, Mati da kansa shi ne na biyun ƙarshe, tsakuwa ɗaya ce tsakaninsu. Amma Alhaji yana komawa gida da dariyar nan a kunnensa. Ya riƙa ganin kansa a tsugune, cikin babbar riga, gaban tela da mai shayi.

Mahaifiyar Talle, Hajara, ta ƙi a kai shi asibiti. Ta ce can yanke ƙafa suke yi. Aka kira wani Bafillace mai ɗori, Ummaru, daga wata ruga a bayan gari. Ya ɗora ƙafar da kara. Sannan ya yi abin da masu ɗori irinsa suke yi: ya karɓi kazar gidan, wata mai wake-wake, ya karya mata ƙafa, ya ɗaure da kara da yagaggen zanen Hajara. Ya ce shi zai bi shanu kudu. Ranar da kaza ta taka ƙafarta sosai, a kwance wa yaro. Kafin nan, ko ƙofar ɗaki kada ya taka.

Ko al'adar nan daidai ce ko ba daidai ba, zancen wata rana ne. Abin da ya shafe mu shi ne Hajara ta yarda da ita, kuma Alhaji ya san ta yarda.

Saura wasa ɗaya a gama gasa, kuma Taurarin Marusa za su kara da ƙungiyar da kowa ke lallasawa. Alhaji ya fara zuwa gidan kullum. Hajara ta ji daɗi. Akwai wasa tsakaninsu, irin na matar wa da ƙanen miji.

"Yau ma kai ne? Ashe mutanen GRA sun san hanyar lungu."

Ba yaron yake zuwa dubawa ba. Kwandon da aka kife kazar da shi yake leƙawa. Kullum ya same ta a ƙafa ɗaya, ɗayar a ɗage.

Wata rana zai shiga mota, sai ya hangi wata kaza mai wake-wake a lungun baya, tana tono a ƙofar gidan wata tsohuwa, Laraba. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Ya tsaya yana kallonta.

Ya 'yan uwa, a nan ne Shaiɗan ya gama aikinsa. Bai kawo masa giya ba, ya san ba zai sha ba. Kaza ya nuna masa.

Ya saye ta da kansa. Ya ce wa tsohuwar sadaka zai yi. Ya jira ranar da Hajara ta tafi gidan suna, Talle kuma yana barcin bayan azahar. Ya ɗaga kwando. Ya kwance kara da tsumma daga ƙafar gurguwar, ya ɗaura wa lafiyayyar. Gurguwar ya jefa ta a bayan mota, ya kai GRA, ya ba kuku. Da ita ya ci tuwo a ranar.

Hajara ta dawo, ta ɗaga kwando za ta zuba tsaba. Kaza ta fito tana takawa da ƙafa biyu. Ta yi hamdala, ta soya waina ta raba sadaka. Ta mayar da kazar ƙarƙashin kwando, don ta mai ɗori ce in ya dawo. Aka kwance wa Talle.

Alhaji ya zo da sabon takalmin ƙwallo a kwali.

Talle ya ce, "Baba, in na taka ina jin ta har cikin kaina."

"Tsoro ne. Kaza ta taka, kai ka fi kaza rauni?"

Hajara ta ce, "Alhaji, da an bari ya ƙara kwana biyu."

"Ta taka ko ba ta taka ba?"

"Ta taka."

"To."

Talle ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa. Ta ce, "Ɗanka ne. Ka fi ni sanin abin da ya dace da shi."

Yaron ya sa takalmin. Wa zai musa wa mutumin da ya riƙe shi tun yana goye?

Ranar wasa fili ya cika. Ba a jima da farawa ba aka turo wa Talle ƙwallo. Ya ruga, ya dasa ƙafar zai juya. Ba wanda ya taɓa shi. Waɗanda ke bakin layi sun ji ƙarar, kamar an karya busasshen kara. Ya faɗi, ƙashi ya huda fata.

Alhaji ya miƙe tsaye. Abin da ya fito daga bakinsa, Mati da ke gefensa ya ji, wasu ma sun ji.

"Tashi mana, Talle. Saura tsakuwa ɗaya."

A wannan karon asibiti aka kai shi. Ƙasa ta shiga ciwon, ya ruɓe. Likitoci suka yi abin da za su iya, daga baya suka yanke daga ƙasan gwiwa. Abin da Hajara ta guda tun farko, shi ta sa wa hannu a takardar likita.

Mutane suka ce ƙaddara. Aka riƙa zuwa yi wa Alhaji jaje, yana karɓa, yana cewa haka Allah ya so. Yanzu ya tuna da sunan Allah. Majalisa ta fasa walima. Ba wanda ya riƙe buta a shekarar. Ya samu abin da yake so.

Amma mutumin da ya daɗe a GRA ya manta wani abu da kowace mata a lungu ta sani. Kaza ta san gidansu. Hajara tana asibiti wajen jinya, maƙwabta suka ɗaga kwando don kada kazar ta mutu da yunwa. Da magariba ta yi, ta bi lungu, ta shige akurkin Laraba.

Ranar da aka dawo da Talle gida, zaure ya cika da maza masu dubiya, Alhaji yana tsakiyarsu. Sai ga tsohuwa da kaza a hammata. Ba da mugunta ta zo ba. Motarsa ta gani a waje.

"Salamu alaikum. Alhaji, sannu da wannan abu, Allah ya ba shi lahiya. Ga kazarka ta dawo. Ka ce sadaka za ka yi da ita, sai na ganta cikin akurkina da tsumma a ƙahwa. Na duba, ƙahwar lahiya lau, ban san mi aka ɗaure ba. Na ce in kawo maka, ban cin haƙƙin kowa."

Ta ajiye ta a tsakar zaure. Kaza ta yi tafiyarta tsakanin tabarmi, tana jan yagaggen zanen Hajara.

Kowa a zauren ya san labarin kazar ɗori, da yawansu sun ci wainar sadaka.

Daga bayan ƙyaure aka ji muryar Hajara. Ba ta ɗaga ta ba.

"Alhaji, ina wadda aka karya?"

Me zai ce? Ya ce tana cikinsa?

Ta ce, "Na ce maka ɗanka ne. Da na ce nawa ne ni kaɗai, da yau yana da ƙafa."

Ba ta sake yi masa magana ba har ta bar duniya.

Ba a kai shi kotu ba. Ba wanda ya zage shi. Washegari Mati ya zubar da gwangwanayen a lambatu, ya sauke butar daga bedi. Da Alhaji ya zo majalisa, aka amsa sallamarsa, sannan mutane suka fara tuna uzuri ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi da tabarma. Da can Mai Ido ya so a ce masa. Yaran unguwa suka sa masa Mai Kaza, sunan ya bi shi har ofisoshin da yake neman aiki. Masu tsaya masa suka janye. Suka ce wanda ya yi wa ɗan yayansa haka, mu me zai yi mana? Dukiya ta tafi a hankali. Ya daina zuwa Ƙofar Marusa. Ya daina sahun gaba. Mutumin da ba ya iya yini ba a gan shi ba, ya koma ba ya son ko tagarsa a buɗe.

Amma ba wannan ne ya fi ci masa rai ba. Talle ya samu ajinsa, yana koyarwa da sanda a hammata. Kowace Sallah sai ya hau mota ya je gaishe da Baba, don ba shi da wani uban. Alhaji ya ji ƙarar sandar a baranda, sai ya shige ɗaki ya ce a ce ba ya nan. Talle ya zauna ya jira. In ya gaji ya ce, "A ce ma Baba na zo." Da Talle ya zage shi, da Alhaji ya samu sauƙi. Bai taɓa ba. Shi kuma Alhaji bai taɓa iya fitowa ya ce ka yafe mani ba. Kunyar da ta hana shi riƙe buta, ita ta hana shi neman gafara.

Haka ya mutu. Mutanen da suka zo ba su cika sahu biyu ba. Da aka zo wanka, aka nemi na jiki wanda zai zuba wa mai wanka ruwa. Talle ya jingine sandarsa, ya zauna a ƙasa don ba ya iya tsugunawa, ya ɗauki buta.

Ya 'yan uwa, ban zo in ce muku ƙwallo ce ta halaka shi ba. Mati ya yi wasan nan, ya mutu da mutuncinsa. Abin da ya halaka shi girman kai ne. Ya ɗauki amanar da mamaci ya bar masa ya jefa a gwangwani. Kun san abin da Allah ya faɗa game da maraya, ba sai na maimaita muku ba.

Kowannenmu yana da butarsa, wani ɗan ƙaramin ƙasƙanci da yake gudu. Tambayar ita ce, wa kake shirin karyawa don kada ka riƙe ta? Ɗanka da ka ce dole ya zo na ɗaya? Ƙanenka? Wanda ke ƙarƙashinka a wurin aiki? In ka san ka riga ka karya wani, yana raye kana raye, kada ka bari sai ya zo zuba maka ruwa. Ka fita baranda yau.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai da cin amana. Allah ya ba mu kunyar da ke kai mutum ga tuba, ya tsare mu daga wadda ke kulle shi a ɗaki. Allah ya jiƙan magabatanmu, har da shi. Amin.